An ɗora ni a kan abokan aikina, yanzu ni ake ɓoye wa magana

Sabon Oga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan rigar.

Wata bakwai ke nan da aka yi mini ƙarin girma a kamfanin da nake aiki, na rarraba kayan lantarki ga dillalai. Shekara shida na yi a sashen oda da lodi. Dillali ya turo oda, mu shigar a kwamfuta, mu duba ko akwai kayan a sito, mu fitar da takardar lodi, direba ya ɗauka. Mu tara ne a sashen. Da ogammu ya koma wani reshe, sai manaja ya kira ni ya ce ni zan gaje shi, wai don shekara biyu cur ba a taɓa dawo da kaya saboda kuskurena ba. Ko kwas na yini ɗaya ba a tura ni ba. Ranar Juma'a muna zaune tebur ɗaya, ranar Litinin ga ni a ofis mai ƙofar gilashi, ina kallonsu suna kallona.

Cikin mutum takwas ɗin nan akwai wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya koya mini aikin da hannunsa, har yau Yaya nake ce masa, shi kuma tun daga ranar nan ya koma ce mini "Yallaɓai" da wata irin murya da na kasa gane ko girmamawa ce ko baƙar magana.

Tunda na hau, ba takardar lodin da ke fita sai na duba na sa hannu. A rana sukan kai sittin. Su suna tashi ƙarfe biyar, ni sai takwas na dare, wani lokaci direbobi na tsaye a bakin ƙofata suna jiran sa hannu, rana tana yi. Na ɗauka haka riƙon amana yake.

Mako uku da suka wuce wani dillali ya tsallake ni ya kira manaja kai tsaye. Inbata arba'in ya yi oda masu ƙarfi, aka kai masa ƙanana, kwana tara suna jibge a wurinsa. Da na bi sawu sai na tarar yaron da ya shigar da odar, wanda shi ne ƙarami a sashen, ya gane kuskurensa tun washegari. Ya faɗa wa Yaya. Su uku suka sani, suka shirya da direba zai musanya kayan a ɓoye in ya sake bi ta can, sai motar ta lalace, asiri ya tonu. Kwana tara ina wucewa ta gabansu suna gaishe ni, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya fi ƙona mini rai, sa hannuna na kan takardar. Na duba ta, ban gani ba.

Manaja ya ce in ba su takardar tuhuma su ukun. Na rubuta, tana cikin durowa, na kasa miƙawa. In ba su ko kada in ba su? Kuma ta yaya zan sakar wa mutane aiki bayan sun nuna mini za su iya haɗa baki su rufe ni?

Ba Sani Ba Sabo ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Sun saba da kai ne, shi ke nan. Fito da takardun nan ka miƙa musu gobe da safe, ka fara da Yayan naka. Gida daban, ofis daban. Kuskure kowa na yi, amma mutum uku su haɗa baki su yaudari shugabansu kwana tara, wannan ha'inci ne. In ka bar wannan ta wuce, gobe kaya za su ɓace a sito su haɗa baki. Shekara sha huɗu ina riƙe da mutane, ban taɓa ganin wanda lallashi ya gyara ba. Kuma kada ka manta, kai ma akwai mai kallonka a sama.

Hajiya Mai Ritaya ta amsa:

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Kafin in ce komai, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah: ranar farko da wani cikinsu ya kawo maka labari marar daɗi bayan ka hau kujerar nan, me ka yi masa, kuma a gaban wa? Ruwa ba ya tsami banza. Mutum uku ba sa ɗaukar kasadar kora don kawai sun raina ka. Lissafi suka yi, suka ga ɓoyewa ta fi faɗa maka sauƙi, kuma wani abu ne ya koya musu wannan lissafin.

Bari in ba ka labarin da nake ba duk wanda aka ɗora a ƙarƙashina lokacin ina aiki. A 2006 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci. A shekarar nan asarar kamfanin ta haura dala biliyan 12. Mulally ya kafa taro duk safiyar Alhamis, kowane babban jami'i ya nuna aikin sashensa da launi: kore in lafiya lau, rawaya in akwai damuwa, ja in abu ya ɓaci. Mako bayan mako, allo kore shar. Kamfani na nutsewa, amma a takarda ba mai ciwon kai. Dalili kuwa a tsohon tsari, wanda ya nuna matsala a gaban takwarorinsa ya haƙa wa kansa rami.

Wanda ya fara sa ja shi ne Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka. Ya dakatar da fitar da sabuwar mota ƙirar Edge saboda matsala a ƙofar baya, ya zo ya nuna a taro. Ɗaki ya yi tsit, kowa na jiran ya ga an fille kai. Sai Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Cikin 'yan makonni allunan suka cika da ja da rawaya. Matsalolin nan dama suna nan, fitowa kawai suka yi. Fields ɗin ne ma ya gaji Mulally a 2014.

Akwai kuma wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, da ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 kan kuskuren ba da magani. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci su za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta ga akasin haka, su suka fi yawa. Da aka bincika, ashe su ne ba sa jin tsoron rubutawa. Inda shugabar ke da zafi, takarda fes, kuskuren na ƙarƙashin tabarma.

Saboda haka ni takardar da ke durowarka ba ta dame ni ba tukuna. Ka kira yaron nan shi kaɗai, ba a ofishin gilashi ba inda kowa ke leƙe. Kada ka tambaye shi don me ya yi kuskure. Ka tambaye shi me ya zaci zai same shi da ya zo maka a rana ta biyu, sannan ka kame bakinka ka saurara, ko da abin da zai faɗa zai yi maka ɗaci. Babba juji ne.

Shi kuma Yayanka, ka sa kanka a takalminsa na minti ɗaya, ko in ce ka tuna wane ne shi a wurin nan kafin zuwanka. Mutumin da ya koya maka aiki yau sai ya tsaya a layi da direbobi yana jiran ka duba masa takarda. Ka taɓa zama da shi kun yi maganar wannan ƙarin girman baki da baki? Na san amsar.

Sabon Oga ya amsa:

Hajiya, kin taɓa inda ke ciwo. Ban so faɗa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A makona na uku wata yarinya a sashen ta zo da kanta ta ce ta tura takarda da adireshin tsohon shagon dillali. Motar ba ta ma fita ba, gyaran minti biyar ne. Na fito tsakiyar ofis da takardar a hannu na ɗaga murya, na ce zamanin sakaci ya wuce. A raina wai ina nuna musu sabo ba zai hana ni aiki ba. Ta yi kuka a banɗaki, daga baya na ji.

Bayan nan na kafa farin allo a bango, sunan kowa da adadin kuskurensa na wata. Manaja ya yaba ƙwarai, har ya kawo shugabannin wasu sassa su gani. Wata na farko kuskure goma sha tara, na biyu bakwai, wata uku na ƙarshe sifili. Da wannan sifilin nake ta bugun ƙirji a taron manajoji. Yanzu da na karanta labarin allo kore, jikina ya yi sanyi.

Maganar Yaya kuwa, a'a, ba mu taɓa yi ba. Kunya nake ji.

Injiniyan Masana'anta ya amsa:

Malam Sabon Oga, sauke allon nan tun kafin ka karanta sauran abin da zan rubuta. Duk lambar da ka rataya wa mutum a wuya, lambar zai gyara, ba aikin ba. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa da adadin asusun da dole su buɗe, har ana kwaɗayin kowane gida ya riƙe hajojin banki takwas. Me ya faru? Suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A Satumbar 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana asusu da katuna kusan miliyan biyu na bogi, ma'aikata kimanin 5,300 aka kora a kan haka. Mutum dubu biyar ba sa zama ɓarayi rana ɗaya a kamfani ɗaya sai in tsarin ne ke haifar da su. Naka allon ƙaramin ɗan'uwan wancan ne.

Ni abin da ya tsaya mini a labarinka shi ne takarda sittin. Takardar inbatan nan ta nawa ce cikin waɗanda ka sa wa hannu ranar nan, ta arba'in da wani abu? Ido ba ya ganin komai bayan ta ashirin, hannu ne kawai ke tafiya. Ga kuma ɓarna ta biyu da ba a lura da ita: tunda sun san Oga zai duba, mai shigar da oda ya daina dubawa da kyau, kai kuma ka dogara cewa ya duba. Mutum biyu, ba mai gadi. Edwards Deming, Ba'amurken da ya je Japan a 1950 ya koyar da masu masana'antu harkar inganci, cikin ƙa'idojinsa goma sha huɗu akwai cewa a daina dogaro da duba kaya a ƙarshe, a gyara yadda ake yin aikin tun daga tushe. Wata ƙa'idar kuma ita ce a kori tsoro daga wurin aiki.

Ga Ba Sani Ba Sabo da ya ce bai taɓa ganin mutane sun gyaru ba sai da bulala, ga misali. General Motors na da masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka kira ta NUMMI, mafi yawan waɗanda aka ɗauka aiki kuma tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa jin magana. Cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne. Cikin abubuwan da suka canza akwai wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa mota. A da, tsayar da layi babban laifi ne, ko ka ga an ɗaura abu a karkace sai ka bar shi ya wuce. A tsarin Toyota, leburan da ya ga matsala ya ja igiya, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya rugo ya taya shi, in ba a gyara ba kafin motar ta kai wani wuri da aka shata, layi ya tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to sai aka ba shi hanyar faɗa.

A aikace ga yadda zan yi da ni ne. Ba zan saki duka rana ɗaya ba. Zan ware odar da ke da haɗari, kamar ta sabon dillali ko mai yawan da ya wuce wani adadi, ita kaɗai za ta zo tebur ɗina. Sauran a raba, Yaya ya riƙe sa hannun wani kaso da sunansa, a rubuce, manaja ya sani. Sannan ka zauna kusa da yaron nan ya sake shigar da odar inbatan a gabanka, ka riƙa tambayar "me ya sa" har ka kai gindin abin. A Toyota sau biyar suke cewa a tambaya. Ina da yaƙinin ba rashin hankali za ka tarar ba.

Ba Sani Ba Sabo ya sake amsawa:

Injiniya, na ji, kuma maganar allo na sallama, ni ma ban taɓa son sa ba. Amma ku riƙa faɗin labari duka. Mulally da ya tafa, shi ne mai wuƙa da nama a Ford, ba mai tuhumarsa washegari, kuma manyan da suka ƙi bin tsarinsa ba su daɗe a kamfanin ba. Wannan bawan Allah shugaban mutum takwas ne, manaja na kansa yana jiran takarda. Kuma har yanzu ba ku raba mini kuskure da ɓoyewa ba. Yaron ya yi kuskure, a yafe. Amma dattijon da ya san doka ya kitsa musanya kaya ba takarda, ba a rubuta a sito ba? In da motar ta yi haɗari da kayan nan, wa zai biya? Tausayi ba ya cike gibin sito.

Hajiya Mai Ritaya ta amsa:

Malam, a nan kam gaskiyarka, ban musa ba. Fitar da kaya ba takarda laifi ne ko wa ya yi, kuma dole a faɗa wa Yayan haka ƙarara. Tsarin abin ne kawai nake so ya kiyaye. Ɗana, ka fara tara su ka faɗi naka: ihun da ka yi wa yarinyar nan, da allon, da sa hannunka a takardar da ba ka karanta ba. Ita yarinyar ka ba ta haƙuri a gaban mutanen da ka kunyata ta a gabansu. Bayan nan sai ka shata layi, kowa ya ji: wanda ya kawo kuskurensa da kansa a ranar da ya gane, ba abin da zai same shi sai taimako, wanda ya ɓoye daga yau, takarda ce. In ka hukunta su a kan dokar da ba ka taɓa shimfiɗawa ba, gani ga wane ya ishi wane, sai dai su ƙara ƙwarewa a ɓoyo.

Ka kuma ware wa kowannensu rabin awa duk mako biyu, ku biyu kawai. Andy Grove, tsohon shugaban kamfanin Intel na Amurka, ya nace a kan irin wannan zama, kuma a wurinsa na ƙasa ne ke zuwa da abin da za a tattauna, ba shugaba ba. Zama biyu na farko "lafiya lau" za ka ji. Kada ka gaji.

Sabon Oga ya dawo:

Jama'a, Allah Ya saka da alheri. Kwana goma ke nan, ga inda aka kwana.

Na sauke allon da kaina da safe a gabansu. Na faɗi nawa laifin, muryata har rawa take. Ba wanda ya ce komai, yarinyar ta sunkuyar da kai, sai ɗaya daga cikinsu ya yi tari, aka koma aiki. Ban san me na zata ba, tafi wataƙila.

Na zauna da yaron kamar yadda Injiniya ya ce. Lambar inbata babba da ta ƙarama a kwamfutarmu harafi goma ne, tara iri ɗaya, na ƙarshe kawai ya bambanta, kuma suna jere ɗaya a kan ɗaya a jerin da ake zaɓa. Sunan kayan ba ya fitowa cikakke a takardar lodi, yankewa yake daidai inda ƙarfin inbatan yake. Na tambaye shi ko hakan ta taɓa faruwa. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni, ya ce sau huɗu a watannin da allona ke nuna sifili, duk Yaya ne ya gyara da direbobi. Na rubuta wa masu kula da kwamfuta, sun ce gyaran na rabin yini ne. Rabin yini!

Da Yaya kuwa mun fi awa biyu. Ya ce shi kujerar ba ta dame shi ba, an taɓa yi masa tayinta shekarun baya ya ƙi, abin da ban taɓa sani ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ranar da na mayar masa da takarda a gaban direba saboda waƙafi. Na faɗa masa maganar fitar da kaya ba takarda ba za ta sake faruwa ba, ya ce ya sani, kuma in takardar tuhuma ce a ba shi shi kaɗai, a bar yaran. Yanzu shi ke sa hannu a odar tsofaffin dillalai, ni goma sha biyar zuwa ashirin ke zuwa mini. Jiya ƙarfe shida na bar ofis. Har yanzu dai Yallaɓai yake ce mini.

Saura manaja. Wannan makon kuskure shida aka kawo mini, duk an tare su kafin mota ta fita. Shi kuwa abin da ya gani shi ne sashen da ke sifili ya koma shida cikin mako ɗaya, allon da ya yi alfahari da shi ya ɓace, takardun tuhuma ba su iso teburinsa ba. Ya aiko mini da imel layi biyu, yana son ganina ranar Alhamis ƙarfe goma da sunayen mutum ukun. Ba Sani Ba Sabo, kai da ka san halin na sama, da me zan fara shiga: da takardar Yaya a hannu, ko da hoton lambobin nan biyu?